Sun Koma Tudu

Ƙarfe ɗaya na dare a unguwar Zariya
wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta kama juyi.
Daga ni sai allon nan mai tsaga a kusurwa
da ragowar shayin Tsahiru da ya huce tun ɗazu.

Ƙungiyar masu fatar jar akuya ta sake shafi.
Sabon gida, sabbin ɗakuna.
Amma tsoffin adireshi dubu da ɗari huɗu
suna nan warwatse cikin wayoyin mutane,
wani dillali a Jibiya, wata mai ɗinka jaka a Agadas,
kowa ya latsa sai ƙofa ta ce masa 404,
ba mu san wannan ba.

Hajiya Baraka ta kira ni sau uku tun la'asar:
"Lawali, ciniki na yoyo, kai kana ina?"

Ba zan bi su ɗaya-ɗaya ba, wa ke ƙidaya gero?
Layi guda nake nema, mai gane dangi ta kamanni.

Na aza 'yar malafa a gaba, daga nan magana ta soma.
Na kafa dala a ƙarshe, nan ta tsaya,
dalar da ba ta sayen ko ƙullin gishiri,
amma manta ta ka gani, har baƙon wani zai biyo ka gida.
Na buɗe baka biyu kamar tafin hannu,
abin da ya faɗa ciki in riƙe,
in kai shi can, in kira shi na ɗaya.

^/kaya/([0-9]+)\.html$

Ɗigo ba ya da a'a a bakinsa.
Kowane harafi ya zo, sai ya ce ni ne.
Sai ka jingina masa kara a baya
kafin ya yarda shi ɗigo ne kawai.
In ya haɗu da tauraro kuwa, fara ta sauka a gona.

Su na fara amincewa, don gaggawa.
Tsohon adireshi ya tura ni sabo,
sabon ma ya yi kama da tsohon, ya sake tura ni,
na yi ta kewaya kamar ɗan kabu-kabu a shataletale
har na'urar ta ce ta gaji.

Nan na tuna kakata Sahiya.
Ta ce da Gulbi ya ci tsohon gari, mutane suka hau tudu,
wani dattijo ya ƙi tashi daga gindin gawo.
Ba ya noma, ba ya ciniki.
Duk wanda ya zo neman gidan wane
sai ya ɗaga sanda: sun koma tudu, bayan rijiya.
Ta ce bai taɓa mayar da mutum inda ya fito ba.

To, 301: sun tashi ke nan, kada ka sake zuwa nan.
302: cin rani ya je, da damina za ka same shi.
Na zaɓi na farko, hannuna na ɗan rawa,
don na'urorin duniya ba sa manta irin wannan magana.

Na gwada. Lamba ta bi lamba, kowa ya sami ɗakinsa.
Sai 217.

Buzun salla, jimar Malam Na-Allah.
Babana.
Sabon gida ba shi da ɗakin,
marinar ma an toshe ta tun bara.

Da na so, in tura mai nema babban zaure,
ya ga jakunkuna, ya manta abin da ya kawo shi.
Na daɗe ina kallon ɗan layin da ke ƙifta ido.

Na rubuta masa ƙa'ida tasa shi kaɗai,
ba tauraro, ba baka,
na sa ta sama da sauran don a fara karanta ta:
410.
Ba ɓata ya yi ba. Ya kasance, ya tafi.

Na adana, na sake tada sabar.
Wuta ta ɗauke.
Can wajen tasha wata tirela na ta fama ta tashi.